Sabon ma'adinin fosfet da aka gano a duniyar wata: mene ne shi, kuma akwai irinsa a Kaduna?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a nan Kaduna, a Tudun Wada nake zaune, ina ɗan taɓa sayen duwatsu daga hannun masu haƙo da ke kawowa daga Kudancin Kaduna da ɓangaren Nasarawa. Kwanaki aka turo mini wani saƙo a WhatsApp cewa mutanen Sin sun gano sabon ma'adini a duniyar wata, wai dangin fosfet ne, wai kuma da shi za a riƙa samar da wutar lantarki nan gaba. To ni fosfet ɗin da na sani na takin zamani ne. Shin abu ɗaya ne? Yaya kamanninsa da taurinsa da nauyinsa? Me ya sa ake ce masa sabo, alhali tun tuni yana can? Sannan wani yaro ya kawo mini wasu fararen ƙwayoyi masu ɗaukar ido, ya rantse irinsa ne. In saya? Allah ya ƙara basira.

AMSA

Wa alaikumus salam, Alhaji. Amin, tare da kai. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe tunda ita ce ta shafi aljihu: kada ka saya. Ba na cewa yaron maƙaryaci ne, wataƙila shi ma abin da aka faɗa masa ke nan. Amma ƙwayar da masu binciken suka iya cirewa suka yi aiki a kanta ba ta wuce kimanin maikiron 10 ba. Ɗauki rula irin ta 'yan makaranta, ka dubi tazarar da ke tsakanin ƙananan layuka biyu, milimita ɗaya ke nan. Raba wannan tazara gida ɗari, kaso ɗaya shi ne maikiron 10. Duk dutsen da idonka ya gani, har ka iya sa yatsu ka ɗauka, to ba shi ba ne.

Ga yadda aka yi. Kumbon ƙasar Sin mai suna Chang'e-5 ya sauka a kan wata ranar 1 ga Disamba 2020, a wani makeken fili na daskararren baƙin dutse da ake kira Oceanus Procellarum. Ya kwashi ƙasar sama, ya kuma huda ya zaƙulo ta ciki, ya dawo duniya ranar 17 ga wannan watan da giram 1,731. Kafin wannan, rabon da a kawo ƙasar wata tun 1976, lokacin da kumbon Tarayyar Sobiyet, Luna 24, ya zo da kimanin giram 170. Aka gutsuttsura wa cibiyoyin bincike kaɗan-kaɗan. Masanan wata cibiya da ke Beijin, wadda asalin aikinta binciken duwatsun yuraniyam ne, suka bi ƙwayoyi kusan 140,000 kafin su ware wannan. Ranar 9 ga Satumba 2022 hukumomin Sin suka sanar, suka ce shi ne ma'adini na shida da aka fara ganowa a ƙasar wata, kuma Sin ta zama ƙasa ta uku da ta yi hakan bayan Amurka da Sobiyet. Cikakken sunansa Changesite-(Y). A nan zan riƙa ce masa cangisait don sauƙin baki.

Maganarka ta cewa tun tuni yana can gaskiya ce. Dutsen da aka same shi a ciki ya daskare kimanin shekara biliyan 2 da suka wuce. Sabuntarsa ta rajista ce. Akwai Ƙungiyar Masana Ma'adinai ta Duniya da aka kafa a 1958, kuma tun 1959 take da kwamitin da ke tantance duk wanda ya zo da iƙirarin ya gano sabon ma'adini. Sai ka nuna cewa halitta ce ba haɗin ɗan Adam ba, ka kawo sinadaran da ke ciki da adadinsu, ka kawo tsarin da suka jeru, ka tabbatar babu wani da aka riga aka sani mai wannan haɗi da wannan tsari, sannan ka ajiye samfurin a wata ma'adana inda wani zai iya zuwa ya duba aikinka. Daga nan wakilan ƙasashe su kaɗa ƙuri'a. Ma'adinan da aka amince da su yanzu sun kai kimanin 6,000, kuma kusan ɗari ake ƙarawa kowace shekara. Ka ga ke nan gano sabon ma'adini ba abin da sai an shekara goma ake ji ba ne, sai dai yawancinsu ba sa shiga labarai, domin ƙanana ne ƙwarai kuma ba su da kasuwa. Ko Najeriya tana da nata a rajistar: a 1947 aka bayyana wani da aka samo a Egbe, cikin jihar Kogi ta yanzu, aka sa masa sunan ƙasar, naijerait. Shi ba fosfet ba ne, haɗin kuza ne da alminiyam da baƙin ƙarfe da zinki.

Yanzu mu shiga cikin dutsen, domin nan amsar take. Abin da ya sa ake ce wa ma'adini fosfet shi ne wani ɗan ƙulli da ke maimaituwa a cikinsa: ƙwayar zarra ɗaya ta fosforas a tsakiya, huɗu na oksijin sun kewaye ta, ana rubuta shi PO4. Wannan ƙulli yana ɗauke da cajin negatif guda 3, irin fosatif da negatif da ka sani a kan batir. Ba ya iya zama shi kaɗai, dole sai ya sami ƙarafa masu cajin fosatif da za su cike lissafin ya tashi babu rara babu giɓi. Bambancin fosfet da fosfet yana wajen irin ƙarafan da suka shigo da kuma wurin da kowanne ya zauna. Ɗaruruwan ma'adinai ne a wannan babban gida.

Cangisait ɗan wani ƙaramin reshe ne da ake kira dangin merilait. Shi merilait an daɗe da saninsa a duwatsun da ke faɗowa daga sama da kuma ƙasar wata, kuma ana rubuta shi haka: Ca9NaMg(PO4)7. Ma'ana kalsiyam 9, sodiyam 1, magniziyam 1, ƙullin fosfet 7. Mu yi lissafin tare. Ƙulli 7 sau 3, negatif 21. Kowane kalsiyam yana da fosatif 2, guda 9 sun ba da 18. Sodiyam ya ƙara 1, magniziyam ya ƙara 2. Jimla 21. Ya tashi daidai.

Ka tuna dara da dattawa ke yi a gindin bishiya. Ramukan suna nan a jere yadda aka tona su, ba sa motsi. Abin da ke canzawa shi ne wane rami ne ke da tsinke, wanne ke da dutse, wanne kuma aka bari fayau. Haka tsarin merilait yake, guraben a tsaye suke, mazauna ne ke sauyawa. A cangisait, cikin guraben kalsiyam 9 an cire ɗaya an sa wani ƙarfe da ake kira itiriyam, wanda shi ne harafin Y da ke ƙarshen sunan. Ya iya shiga ne saboda girman ƙwayarsa ya yi kusa da na kalsiyam. Amma cajinsa 3 ne ba 2 ba, don haka lissafi ya haura da ɗaya. Ta ina za a rage? Sai gurbin sodiyam ya zauna babu kowa, ɗayan nan ya fita. A gurbin magniziyam kuma baƙin ƙarfe ne ya zauna, su biyun cajinsu ɗaya, babu abin da ya taɓu. Kalsiyam 8 sun ba da 16, itiriyam 3, ƙarfe 2, ga 21 ta dawo. Shi ya sa ake rubuta shi (Ca8Y)□Fe(PO4)7, kuma wannan ɗan akwati da ka gani a tsakiya ba kuskuren na'ura ba ne, alamar gurbin da babu kowa ce. Duk sabuntar cangisait ba ta wuce waɗannan abubuwa uku ba: itiriyam ya shigo, ƙarfe ya maye magniziyam, gurbi ɗaya ya zauna wayam. A ganina wannan ya fi duk abin da aka yaɗa a waya ban sha'awa, amma na san ba shi ke sa a tura saƙo gaba ba.

Idan aka bi wannan rubutu aka auna da nauyi, a cikin kashi 100 oksijin ya kwashe kusan 40, kalsiyam 28, fosforas 19, itiriyam 8, ƙarfe 5. A ainihin ƙwayar ba itiriyam kaɗai ke wancan gurbi ba, akwai 'yan'uwansa da ake kira ƙarafa masu wuyar samu, irin su siriyam da niyodimiyam. Ƙa'idar suna ita ce wanda ya fi yawa a cikinsu shi ake liƙa harafinsa a ƙarshe.

Sai siffar kiristal. Duk ma'adinan duniya, idan aka duba yadda ƙwayoyinsu suka jeru, tsari bakwai ake kasa su. Cangisait yana cikin tsarin da idan ka juya shi kashi ɗaya cikin uku na zagaye, wato digiri 120, zai koma kamar ba a juya ba. Kai da kake harkar duwatsu ka riga ka san wannan da ido ko da ba ka san sunansa ba. Ɗauko sandar dutsen adon nan tomalin mai kyau ka leƙa ta daga kai, za ka ga kusurwa uku da gefuna masu ɗan tudu. Ɗauko akwamarin, shi ma dutsen ado ne, ka yi masa haka, za ka ƙirga gefe shida. Tomalin da safaya da dutsen ƙanƙara (wanda Turawa ke kira quartz) duk tsarinsu ɗaya da cangisait, shi kuwa akwamarin tsarinsa ɗaya da afatait, fosfet ɗin taki da za mu zo kansa. Siffar da kake gani a waje jeren da ke ciki ne ya fito fili. Ɗan ginshiƙin da ke maimaituwa a dangin merilait siriri ne dogo, faɗinsa kusan angistirom 10.4, tsawonsa kusan 37, kuma angistirom miliyan 10 ne ke yin milimita ɗaya. A cikin kowane ginshiƙi, wancan haɗi da muka lissafa ya shiga sau shida.

Za ka ce wa ya gani? Ba da ido ake gani ba. Tun 1912 wani Bajamushe, Max von Laue, ya nuna cewa idan aka haska eksire, hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, ta cikin kiristal, hasken yana tarwatsewa ya bar ɗige-ɗige a jere. Wasu Turawan Ingila, uba da ɗa masu suna Bragg, suka fitar da lissafin da ke mayar da ɗige-ɗigen zuwa tazarar da ke tsakanin ƙwayoyi, har aka ba su kyautar Nobel a 1915. Har gobe da wannan hanya ake aiki. Wahalar cangisait ita ce yana manne da wasu ma'adinai a cikin ɓarɓashin dutse, sai da aka yanko shi da wata na'ura mai harba siririn kibiyar ƙwayoyi masu caji, tana zaizaye abin da ke kewaye da shi a hankali har ya fita shi kaɗai. Sinadaran ciki kuma akan gano su ne da wata na'urar da ke harba ilektiron a ɗigo ɗaya, kowane sinadari ya mayar da nasa irin hasken, a karanta a san waye da waye kuma nawa.

Kamanninsa ba wani abin a zo a gani ba ne. Ba shi da launi, haske yana ratsa shi, kuma yana fitowa ne a ɗan tsaye kamar ginshiƙi. Tauri kuwa, a sikelin Mohs da masu duwatsu ke amfani da shi tun 1812, inda farce ke 2.5, bakin wuƙa da gilashi ke wajen 5.5, ƙanƙara 7, safaya 9, daiman 10, ɗan'uwansa na kusa da ake samu a nan duniya, witlokait, yana kan 5. Wato dangi ne da wuƙa mai kyau ke iya karta, masu saurin fashewa, ba kayan zobe ba. Nauyi kuma, abin da bai wuce maikiron 10 ba babu sikelin da zai ɗaga masa, don haka lissafa shi ake yi: an san girman ginshiƙin, an san ƙwayoyin da ke ciki da nauyin kowacce, sai a raba. Lissafin yana ba da kusan ninki 3.2 na nauyin ruwa. Ya ɗan ɗara merilait, saboda itiriyam da baƙin ƙarfe sun fi waɗanda suka maye nauyi. Ya fi ƙanƙara mai 2.65, amma bai kama ƙafar kuza mai wajen 7 ba, balle zinari mai 19.3.

Me ya sa a wata ya samu? Lokacin da narkakken dutse ya malalo ya fara hucewa, manyan ma'adinai ne ke fara daskarewa, kowanne ya ɗebi sinadaran da suka dace da gurabensa. Fosforas da itiriyam da 'yan'uwansa ba sa samun shiga, sai su yi ta taruwa a ragowar ruwan dutsen da ke maƙale a 'yan saƙo-saƙo. Can a ƙarshe, da ragowar ta zo daskarewa, ta cika da su, kuma ta cika da baƙin ƙarfe, domin magniziyam ya riga ya tafi da na farko. Ga shi duwatsun wata ba su da sodiyam da yawa, ba su da ruwa sai ɗan abin da ba a rasa ba, kuma oksijin bai wadata ba har ƙarfe ya yi tsatsa ya koma mai caji 3. Duk waɗannan sharuɗɗa kana iya karanta su a cikin rubutun ma'adinin: ga itiriyam, ga ƙarfe mai caji 2, ga gurbin sodiyam wayam, kuma babu haidirojin ko ɗaya. A nan duniya, inda ruwa ya ratsa kusan kowane dutse, kalsiyam da fosfet sun fi haɗuwa su zama afatait, ko witlokait wanda shi yana da haidirojin a cikinsa. Witlokait ɗin nan ma, in gaya maka, yana samuwa a jikin mutum, a dattin da ke daskarewa a gindin haƙori da kuma wasu tsakuwoyin ƙoda. Amfanin cangisait ga masana ke nan, shaida ce ta yanayin da dutsen wata ya huce.

Batun wutar lantarki kuwa, labari biyu aka gwama. A taron da aka sanar da ma'adinin an kuma sanar da cewa an auna yawan wata iska da ake kira hiliyam-3 a cikin ƙasar watan. Ita wannan iska daga rana take zuwa, ta daɗe tana dukan saman wata tana maƙalewa a jikin ƙurar, musamman a wani baƙin ma'adini mai suna ilmenait. Ana hasashen wata rana za ta iya zama makamashin tashar nukiliya irin wadda ke haɗe ƙwayoyi maimakon fasa su. Har yanzu babu tashar da ke ba gari wuta ta wannan hanya a ko'ina a duniya. Koma ka dubi rubutun cangisait, ba za ka ga hiliyam a ciki ba. Masu tura saƙo ne suka ɗaura musu aure.

To shi da na taki fa? Gida ɗaya ne, ɗaki daban. Fosfet ɗin taki afatait ne, Ca5(PO4)3F, kuma irinsa mai ɗauke da haidirojin da oksijin a madadin fulorin shi ne ya gina ƙashinka da haƙoranka. Ana haƙo shi tan miliyoyi, kuma kimanin kashi 70 cikin 100 na ajiyar da aka sani a duniya Maroko ke riƙe da shi. Mu ma muna da shi a yankin Dange a jihar Sakkwato, dunƙule-dunƙule a cikin laka da wani tsohon teku ya bari kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce. Ɗanyensa ba ya narkewa da wuri, shuka ba ta cin moriyarsa sosai, shi ya sa ake niƙa shi a zuba masa ruwan asid na farar wuta, dabarar da wani Bature a Ingila, John Bennet Lawes, ya yi wa rajista a 1842. Abin da ke fitowa shi ne takin da manoma ke ce wa sufa, kuma manyan Kaduna za su tuna kamfaninsa da gwamnatin tarayya ta kafa a garin nan a shekarun 1970. Fosforas ɗin da ke cikin buhun sufa ko kamfa da wanda ke cikin cangisait sinadari ɗaya ne. Sai dai shi na taki da tirela ake lodinsa.

Akwai wani abu da nake so ka sani, domin ya shafi garinka kai tsaye. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai kimanin kilo 18 ya faɗo daga sama kusa da Zagami, a lardin Katsina na wancan lokaci, dab da wani manomi da ke korar tsuntsaye a gonarsa. Aka tono shi aka kawo ofishin binciken ƙasa da ke nan Kaduna aka ajiye. Daga baya bincike ya tabbatar da cewa ɓallin duniyar Mars ne, kuma yana cikin mafiya girma da aka taɓa samu daga can. Cikin ma'adinan da ke jikinsa akwai merilait. Wato ɗan'uwan cangisait na jini ya zauna a Kaduna shekara da shekaru kafin a harba kumbon Sin.

Ba zan ce har abada ba za a ga cangisait a doron ƙasa ba. Armalkolait, wanda aka sa wa suna daga sunayen 'yan sama-jannatin Apollo 11, kumbon Amurka, su uku, a ƙasar wata aka fara ganinsa, daga baya aka same shi a nan duniya. Tirankwilitiyait ma haka, sai bayan fiye da shekara arba'in aka gan shi a Yammacin Ostireliya. Amma duka a ƙarƙashin na'ura aka gan su, ba a leda a bakin kasuwa ba. Kuma duwatsunmu na Kudancin Kaduna da Nasarawa, waɗanda ke ba da tomalin da akwamarin da tantalait, sun samu ne daga narkakken dutse mai cike da ruwa da fulorin, kishiyar yanayin da cangisait ke bukata.

Idan fosfet mai daraja kake nema a yankinmu, wasu ne daban. Akwai monazait, wani yashi mai nauyi, ruwan zuma ko ja-ja, da ke fita a wajen wankin kuza a tsaunin Jos. Fosfet ne na siriyam da 'yan'uwansa, yana da kasuwa, amma yana ɗauke da toriyam mai fitar da tururin nukiliya. Kada a tara buhunansa a ɗakin kwana, kada a yi yaɓen gida da yashinsa, kada yara su yi wasa a kai. Akwai zenotaim, wanda shi itiriyam ne da fosfet zalla, YPO4, kuma shi ne gidan da itiriyam ya fi zama a nan duniya idan ya haɗu da fosforas. Ana sa itiriyam a fitilun LED da na'urorin leza da wasu fulogogin mota. Sannan a jijiyoyin dutse masu litiyam akan ci karo da ambiligonait da tirifilait. Wannan na ƙarshen, idan ka shiga shagon masu kayan sola ka ga an rubuta LiFePO4 a jikin batir, to haɗinsu ɗaya da tsarinsu ɗaya, sai dai na batir a masana'anta ake yin sa.

Mu koma kan ƙwayoyin yaron nan. Farin dutse mai ɗaukar ido daga wannan yanki yawanci ƙanƙara ne, ko tofaz, ko farin dangin akwamarin, wani lokaci zakon, wani lokaci ma fasasshiyar kwalba. Gwaji biyu za ka iya yi a shagonka. Na farko, goga shi a jikin gilashi. Idan ya karce gilashin sosai, ba fosfet ɗin kalsiyam ba ne, domin su ba su kai wannan taurin ba. Na biyu, da ƙaramin sikelin awon zinari. Auna dutsen ka rubuta. Ɗora ɗan kofi da ruwa a kan sikelin, ka danna ya koma sifili. Ɗaure dutsen da siririn zare ka sauke shi cikin ruwan har ya nutse gaba ɗaya, amma kada ya taɓa gindi ko gefe, ka karanta abin da sikelin ya nuna. Raba awon farko da na biyu. Idan ka sami wajen 2.65 ƙanƙara ce, 2.7 dangin akwamarin, 3.2 afatait, 3.5 tofaz, 4.6 zakon, wajen 5 kuma monazait. Ka zaɓi ƙwaya mafi girma mara datti, domin da ƙarama sikelin zai yaudare ka. Ƙanƙara da akwamarin sun yi kusa da juna a wannan awo, sai ka haɗa da siffa.

Idan abin ya fi ƙarfin wannan, ba sai ka bar jihar ba. Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya tana da babban ɗakin gwaje-gwajenta a nan cikin Kaduna, a Zariya kuma akwai sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar binciken makamashi wadda ke da ƙaramin injin nukiliya na bincike tun 2004. Ka nemi gwaji biyu, kada ka tsaya a ɗaya. XRF zai faɗa maka sinadaran da ke ciki, XRD kuma shi ne zai faɗi tsarin, kuma sai da tsarin ake sanin sunan ma'adini. Ƙaramar na'urar hannu da wasu dillalai ke yawo da ita irin ta farko ce, tana iya nuna maka fosforas da kalsiyam har da itiriyam, amma ba ta da ikon cewa cangisait ne ko afatait ne ko gaurayen abu biyu. Kafin ka kai, raba samfurin biyu ka riƙe rabi a wurinka, domin niƙa shi za su yi, kuma ka tambayi yaron ainihin ramin da aka haƙo shi ka rubuta a jikin ledar tare da kwanan wata.